Ranar da Sahabi Ya Zauna

Duk wanda ya ci kasuwar Batsari a shekarun da kuɗin mai suka fara leƙo ƙauye ya san Sahabi Dogo. Ko bai san sunansa ba ya san kansa, don shi ake fara hangowa saman rumfuna tun daga bakin tasha. Malamin firamare ne, amma aikin da gari ya san shi da shi, wanda kuma ba wanda ya sa shi, rabon faɗa ne. Da an ji hayaniya a kara wajen dillalan shanu, ko 'yan kamasho sun shaƙe juna a tasha, sai ka ga Sahabi ya keta mutane ya tsaya a tsakiya, hannuwa a buɗe. Ya sha dukan da ba nasa ba har ba iyaka. Haƙorinsa na gaba ma a faɗan wasu mahauta ya tafi, kuma ko sannu ba su ce masa ba.

Abu na biyu da aka san shi da shi, ba ya zama a benci. A teburin mai shayi a tsaye yake sha, in ya gaji ya tsuguna. Abokai kan tsokane shi su ce, "Dogo, kuɗin cizo kake tsoro, ko tsawon ne ba ya lanƙwasuwa?" Sai ya yi murmushi da wawulonsa ya ce a bar shi haka. Sun ɗauka wani hali ne irin na dogayen mutane. Ba su san ciwo ne yake yawo da shi ba.

A wata ruga kusa da Tsaskiya aka haife shi, ɗan fari ga Daudu da Fanta. Shekarar da aka samu mulkin kai dagaci ya aiko a ba da yaro ɗaya makarantar boko, Daudu ya duba ya ba da Sahabi. Ƙanensa Uwaisu, wanda ke bi masa, ya ƙi ci ya ƙi sha, kullum sai an kamo shi a hanyar Safana yana bin sawun Hammansa, sunan da yake kiran yayan nasa ke nan. Da shekara ta kewayo Daudu ya gaji ya ce to, ya tafi, asarar ta zama biyu. Fanta ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma kallonsa ido da ido. Ranar tafiya tana wanke ƙwarya ta ce da ƙwaryar, "A hwaɗa ma wancan, ƙanenshi amana ne a hannunshi." Sahabi ya ji, don da shi ake.

A ruga kuwa akwai abin da yaro ke koya tun kafin ya iya tatsa: in ka ji ihun ɗan'uwanka a daji, ba ka tsayawa tambayar wa ke da gaskiya, sai ka isa tukuna. Sahabi ya taɓa yi. Wani hutun damina maruƙa suka faɗa gonar gero wajen Babban Duhu, 'ya'yan mai gona suka zagaye Uwaisu da sanduna. Sahabi ya sheƙo a guje ya shiga tsakani. Bai daki kowa ba, bayansa kawai ya ba su har suka huce. Da suka dawo gida Uwaisu ya yi ta yawo ruga yana cewa shi ba mai taɓa shi a duniya muddin Hamma na numfashi.

Tare suka wuce makarantar kwana a Katsina, a can suka haɗu da Malam Salmanu, malamin wasanni, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da kuma son ƙwallon kwando. Wasa ne na hannu a filin siminti: zoben ƙarfe a sama jikin allo, mutum biyar-biyar a ciki, sauran suna zaune a benci a gefe suna jiran a kira su canji. Malam Salmanu na ganin tsawon Sahabi ya ce Allah ya kashe ya ba shi. Uwaisu gajere ne, amma ga sauri ga baki. Zai ƙwace ƙwallo a hannun ƙato, ya kuma tsaya ya yi masa gwalo.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, labari ya zo za a zaɓi 'yan wasan da za su wakilci jiha a babban bikin wasanni a Ikko. Wani mutum zai zo daga Kaduna ya kalli wasan ƙarshe ya ɗebi wanda ya ga dama. Sahabi ya so tafiyar nan so mai tsanani. Yaron da ya tashi yana bin shanu a dajin Safana, a ce ya hau jirgin ƙasa, ya ga teku, a kira sunansa a rediyo! Da tunanin yake kwana, da shi yake tashi.

Ana gobe wasa Malam Salmanu ya tara su ya gaya musu dokar gasar. In faɗa ya ɓarke a fili, wanda ke benci ba shi da ikon tashi. Alƙalin wasa da malamai ne masu rabo. Duk ɗan bencin da ƙafarsa ta taka layi, ko da rabon ya je yi, an kore shi daga wasa, kuma ba shi ba zaɓe. Dokar ba ta wauta ba ce, a faɗi gaskiya, don faɗan mutum biyu in aka bar kowa ya taso, nan da nan yake zama na gari guda. Amma wanda ya tsara ta bai taɓa kiwo a dajin Safana ba.

Sahabi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ko ɗan'uwanka ne ake duka?"

Malam Salmanu ya ce, "Ko ubanka ne. Ka zauna."

Yara suka fashe da dariya, har da Uwaisu.

Washegari Sahabi ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Bayan an dawo hutun rabi Malam Salmanu ya fito da shi ya huta, ya raɗa masa cewa mutumin Kaduna ya riga ya tambayi sunansa. Yana zaune yana share gumi, zuciyarsa fari ƙal. A cikin fili kuwa Uwaisu ya addabi wani ƙaton ɗan makarantar da suke karawa da ita, ya ƙwace masa ƙwallo ya sake ƙwacewa, kowane karo da 'yar maganarsa. Ƙaton ya kai masa gwiwar hannu a ƙirji. Uwaisu ya hankaɗe shi. Kafin alƙali ya kai usur baki, an kayar da Uwaisu a siminti, wasu biyu sun rufar masa.

Tsakanin benci da inda ya faɗi bai fi jifan sanda ba. Malam Salmanu ya ruga da ɗingishinsa, don haka ba wanda ya riƙe Sahabi, ba wanda ya ce masa kul. Jikinsa ya fara tashi da kansa, sai ya tuna Ikko. Ya kama bakin bencin da hannu biyu ya danne kansa. Uwaisu yana ƙasa ya juyo da kai wajen benci, idanunsu suka haɗu, ya ɗan daɗe yana kallonsa irin kallon mai jira. Sannan takalmi ya sauka a kunnensa na hagu.

Nan da nan aka raba. Alƙali ya kori masu faɗa, ya yaba wa benci da bai motsa ba. Aka ɗauki Uwaisu zuwa asibiti jini na bin wuyansa. Da ya fito, kunnen ya mutu. Bai ce wa Sahabi komai ba, Sahabi ma bai ce ba. Suna cin abinci kwano ɗaya, suna salla sahu ɗaya, amma maganar tana zaune tsakaninsu. Da aka yi hutu Uwaisu ya ce ba zai koma ba, wai in malami na magana sai ya ji kamar daga cikin rijiya.

A ruga Fanta ta jira ranar da Uwaisu ya fita da shanu. Tana kaɗa nono, fuskarta wajen ƙofa, ta ce, "Shi wancan yana ina aka yi wanga aiki?"

Sahabi ya ce, "Ina zaune, Inna. Doka ce. In na tashi korata za a yi."

Ta ce, "Dokar ɗaure maka ƙahwa ta yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ci gaba da kaɗa nononta, kuma har abada ba ta sake ɗaga zancen ba.

An zaɓi Sahabi, ya tafi Ikko. Abin takaici, can ya tarar da waɗanda suka fi shi tsawo da iyawa, tun daga ranar farko har aka tashi biki ba a sa shi wasa ko sau ɗaya ba. A benci ya zauna ya kalli wasu. Tekun ma daga tagar mota ya hango shi. A jirgin dawowa ya yi ta shirya maganar da zai gaya wa ƙanensa, yana gyara ta yana sake gyarawa. Ya iso Tsaskiya ya tarar fari ya cinye ƙasa, rijiyoyi sun ƙafe, Daudu na kwance ba lafiya, Uwaisu kuwa ya kora sauran shanun da suka rage ya yi kudu neman ciyawa.

Daga nan bai ƙara taɓa ƙwallo ba. Ya gama makaranta, aka ba shi aji a Batsari, ya yi aure, ya shiga rabon faɗan mutanen da bai haɗa komai da su ba. Uwaisu ya zauna can wajen Kwantagora, ya yi aure shi ma. Gaisuwa ba ta yanke ba. Fataken shanu kan zo kasuwa da saƙo, "Ƙanenka na gaisheka," wani lokaci har da ƙwaryar man shanu. Sahabi ya aika da turmin atamfa, ya aika da rediyo, sai daga baya ya tuna da kunnen, ya kwana yana cizon yatsa. Maganar gaske kuwa ba a ba ɗan aike ita. Kowace shekara sai ya ce in an yi hutu zai je da ƙafarsa. Hutu ya zo, ya ga ba zai iya haɗa ido da shi ba, ya ce sai baɗi.

Baɗin ba ta zo ba. Wata ranar kasuwa wani falke ya ja shi gefe ya ce ya yi haƙuri. Uwaisu yana tsallakar da shanu sabuwar kwalta, tankar mai ta taho birki ya ƙwace. Mutanen bakin hanya sun yi ta ƙwala masa ihu, amma ta hagunsa suke. Bai ko waiwaya ba. A can aka binne shi.

Bayan ta fita takaba, matar mamacin, Bara'atu, ta kawo yara Tsaskiya wajen kakarsu. Sahabi ya hau keke ya je. Ya tsuguna a ƙofar bukka, Fanta na ciki ta tsufa tana jan carbi, Bara'atu ta durƙusa daga gefe. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya, aka yi addu'a. Bara'atu ba ta taɓa ganinsa ba, sai ta ɗago ta dube shi ta ce, "Hamma, ashe tsawon gaskiya ne. Kullum zancenka yake. Yaran nan sun san ka tun ba su gan ka ba."

Sahabi ya ce, da ƙyar, "Mi yake cewa?"

Ta ce, "In suka tambaye shi abin da ya sami kunnensa, sai ya ce a wajen wasa ne, lokacin Hammansa ya fita shan ruwa. Ya ce da kana wurin ba mai taɓa shi. Haka yake gaya wa kowa. Ya ce kar a taɓa yi maka zancen, don ka ji ciwon rashin kasancewarka a wurin."

Carbin Fanta ya tsaya. Ta san gaskiya, da bakinsa Sahabi ya gaya mata. Ta juya fuskarta ga bango.

Sahabi ya buɗe baki, maganar da ya shirya tun a jirgin Ikko tana nan cif, ba kalmar da ya manta, amma mai ita ba ya nan. Ba shan ruwa ya tafi ba. Uwaisu ma ya sani, don ya dube shi, ya jira shi. Ƙato guda, malamin makaranta, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka da murya a gaban matar ƙanensa. Bara'atu ta ruɗe tana ba shi haƙuri, tana cewa, "Ai ba laifinka ba ne, Hamma, ba ka nan."