Ranar da Na Sa Kyanwar Inna a Kwando

Kyanwar ta Inna ce, mahaifiyata. Da ta rasu, 'yan'uwana suka raba tasoshi da zannuwa, ni kuwa na ce a ba ni kyanwar da zane ɗaya, aka yi ta yi mini dariya. Na kawo ta gidan mijina, ta yi shekara da shekaru tana gadin rumbu. Ɓera bai isa ya ratsa tsakar gidana da rana tsaka ba.

Tsufa ya cim mata a shekarun da damina ta yi ta yi mana gardama. Gero ya ƙi, gyaɗa ta ƙi, rumbu sai ka leƙa da kyau kafin ka hango hatsi. Da farko na ɗauka iskanci ne ta tsiro da shi. Sai ta tsaya gaban katanga ta yi ta kuka ba dalili. Ta ci abinci, ta juya, ta dawo tana roƙo kamar ba ta ci ba. Wata rana ta shige lungu tsakanin randa da bango ta kasa juyowa, sai da na ciro ta. Ɓera ya wuce ta gabanta, ta bi shi da ido kawai.

Nan na gane rikicin tsufa ne, irin wanda ya kama kakata. Sai na daina matsar da komai a gidan. Turmi na nan inda ta san shi, kaskon ruwanta a gindin darbejiya. Na rufe bakin rijiya. Na zuba mata yashi a tsohuwar tasa kusa da makwancinta, don kada ta yi nisa. Tuwo kuwa sai na dama shi da miya ya yi laushi, haƙoran sun zube. In zan taɓa ta, sai na fara yi mata magana, in ba haka ba ta firgita.

Maƙwabta ba su bar ni ba. Wai kyanwar da ke yi wa bango kuka wani abu take gani. Na ce abin da take gani bango ne.

Ranar da ta ɓata, ɗan geron da na surfa na shanya a tabarma ta hau ta yi wa fitsari. Malam, mijina, yana tsaye ya gani. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya yaudare ni. Da la'asar ya ce, "Gobe kasuwar Kunci. Akwai malamin dabbobi a can. Shirya ta in kai ta a duba."

Wallahi har ƙwalla na yi don daɗi. Na ce a raina, ashe mutumin nan yana da tausayi haka. Da safe na shimfiɗa zanen Inna a kwando, na sa ta ciki. Ta yunƙura za ta fito, na danna kanta da hannuna, na ce, "Kwanta, magani za a ba ki." Ni na riƙe kwandon yana ɗaure shi a bayan keke.

Ya dawo shi kaɗai. "Ya riƙe ta," in ji shi, "sai ta sha magani na mako guda."

Ku ji wauta irin tawa! Wane malamin dabbobi ne zai kwantar da kyanwa a shekarar da shanu ke faɗuwa? Amma na yarda. Kullum ina canza ruwan kasko.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwana biyar tsakani, maƙwabciyata da ke zuwa tsinkar tumatir a gonakin rani na Watari ta shigo da zane a hannu. "Yaya, wannan ba na Innarki ba ne? A bakin ruwa na tsince shi." Ta ce kwana biyu suna ganin wata tsohuwar kyanwa tana zagaye wuri ɗaya tana kuka, a rana ta uku ba su ƙara ganinta ba. Ya tsallakar da ita ruwa ke nan, kamar yadda ake yi wa kyanwar da ba a so ta dawo.

Na bari ya ci abinci, sannan na ajiye zanen a gabansa.

"Malam, ina kyanwata?"

Ya dubi zanen. "Ke, hatsi ne gaba ko kyanwa? Ai ban kashe ta ba. Kyanwa ba ta ɓata, in da rabo za ta dawo."

"Wadda ba ta gane hanyar madafi daga ɗaki?"

Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da ya ce mini ba zai iya zama da ita ba, da na yi kuka, wataƙila ma in haƙura, don yunwa ba wasa ba ce. Abin da ya ci mini rai shi ne da hannuna ya sa na yi. Ni ta yarda da ni, ni kuma na yarda da shi. Na ji an ci amanata, kuma har yau haka nake ji.

Na yi ta jiran ranar da zai ce in yafe masa. Ba ta zo ba. Yanzu tsufa ya cim masa, shi ne yake fita masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Bara na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Wace kyanwa?" Ya manta, ya bar ni da abin ni kaɗai.

'Ya'yanmu kan zo da mota su ce za su kai shi asibiti Kano, wai in zauna in huta. 'Ya'yan kirki ne, na sani. Amma sai in ɗauki mayafina in riga su shiga. Ba na miƙa shi ga kowa a ƙofar gida.