Kajin Fansar Baba

Ranar wata Alhamis ce a farkon damina, shekaru kaɗan kafin zuwan Nasara, jakinmu ya dawo gida shi kaɗai. Ina tsugune a bakin zaure ina 'yar carafke, sai na gan shi ya ɓullo ta lungun marina, igiyarsa tana jan ƙasa, mangala ta karkace, irin shuka yana zuba a bayansa. Da shi Baba ya fita da hantsi zuwa gonarmu ta hanyar Dungu. Kafin azahar labari ya game Matamaye cewa mahara sun faɗa wa manoma, sun kora wanda suka kora. Lokacin haƙorana na gaba ba su gama fitowa ba.

Daga wannan rana babu mai nisa da kafin gari. Gonarmu ta koma ciyawa, gidan kuwa ya rage daga Inna da Kaka, uwar Baba, sai ni da ƙanena Ilu da ke rarrafe. Aka ba da jakin aka karɓi gero. Bayan ɗakin Inna akwai wani ɗan fili tsakanin rumbu da danga, wanda bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba, shi ya zama gonarmu. Inna ta kafce shi da fartanyar Baba, ta zuba toka da kashin kaji, ta shuka kuɓewa da yakuwa da masara, ta sa kabewa ta hau rufin ɗaki, wake kuma ya bi danga. Ko fasasshiyar tukunya ba ta tsira ba, sai da aka dasa mata barkono. Ruwan wanke-wanke da na alwalar Kaka duk a gindin shuka suke ƙarewa.

Kaji kuwa aikina ne. Akurkinsu na laka yana ƙarƙashin rumbu. Da sassafe nakan buɗe musu, in watsa dusa, sannan in ɗauki kasko in tafi gindin kafi, inda nake kifa shi da kashin shanu don gara ta taru, in kawo wa 'yan tsaki. Sauran yini ina riƙe da kara, ido ɗaya a sama saboda shirwa, ɗaya a ƙasa don kada su tone shukar Inna. Ina jin sa'o'ina suna gaɗa a dandali, ba halin zuwa.

Da kaka ta yi, wani bafatake ya sauka a unguwarmu, ya ce ya ga Baba a wata kasuwa can gabas, da mari a ƙafa, kuma ana fansar mutum idan danginsa sun zo da abin hannu. Tun daga ranar Inna ta hana a taɓa ƙwai ko ɗaya. Duk wanda aka saka, kwanci za a yi da shi. "Kajin nan ba namu ba ne, na babanku ne," haka take cewa. A shirinta, kaji za su sayi akuya, awaki su sayi saniya, saniya ta dawo da Baba. Kaka ba ta taɓa musa mata ba. Sai dai wani lokaci in Inna ta ba da baya, nakan ji ta ce a hankali, "Kafin nan ya kai inda ba a dawowa."

Kajin sun yi albarka a shekarar farko, har tsakar gida ba wurin taka ƙafa. Mu kuwa miyar yakuwa muke sha da tuwon da ake ganin gindin akushi ta cikinsa. Ilu ya rame, cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja. Wata rana Kaka ta dafa masa ƙwai a ɓoye, Inna ta ga ɓawon a toka. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon Ilu, daga baya ta ce, "Ku ba shi, Iya, amma kada in gani."

Ana saura kaɗan a kai kajin kasuwar Kance ciwo ya shigo gari. Kaza sai ta tsaya ta saki fukafukai, wuyanta ya murɗe, kafin yamma ta faɗi. Muka jiƙa musu barkono da ɓawon maɗaci, muka turara akurki, duk a banza. Na yi ta kwasar gawa a kwando ina kaiwa juji, har akurki ya zama wayam. Ba a daɗe ba Ilu ma ya tafi. Da damina ta zagayo Inna ta aro kaza ɗaya wajen maƙwabta ta sake farawa, haka ta yi ta yi shekara da shekaru, in ba ciwo ba muzuru, in ba muzuru ba fara ta cinye shukar. Mun taɓa kaiwa ga akuya sau ɗaya, yunwa ta sa aka sayar. Har Inna ta rasu ba ta yarda an yi wa Baba sadakar mutuwa ba.

Yanzu kafi ya ruɓe, mutane suna noma har inda ido ba ya kai, mota tana bin hanyar Damagaram, jikokina suna zuwa lakwal, makarantar boko. Wurin da Inna ta kafce an yi ɗakuna a kai. In na ba su labarin Baba, sai su saurara kamar tatsuniya, ni kuwa ban san ƙasar da ta rufe shi ba. Ni kaɗai na rage da na san fuskarsa, ita ma ta fara ɓace mini.