Silin Ɗin Hajiya Rabi

Hajiya Rabi ma'aikaciyar jinya ce a Springfield, mace mai ƙyanƙyami wadda ko cokalin gidan biki sai ta sake wanke shi. Da aka yi mata silin na siraran katako mai tsagi-tsagi a kicin, mijinta Injiniya Zulkifilu ya zaɓi farin fenti marar sheƙi, wai mai sheƙin kamar banɗakin asibiti yake.

Da Babbar Sallah aka soye rago guda a kicin ɗin, tagogi a rufe don kada ƙauri ya dami maƙwabta. Fentin ya shanye maiƙon tas. Ranar da zafi ya tsananta, Rabi tana zuba wa yayar mijinta miya, sai wani ɗigo rawaya ya faɗo cikin kwanon, da mataccen ƙuda a jikinsa.

"Rabi, yanzu har silin ɗinku ma kitse yake yi?" in ji yayar, ta ture kwanon.

Rabi ta hau kujera ta goga da soso, fentin ya biyo soson yana ƙarni.

"Baban Najiba, gara banɗakin asibitin, shi ai ana wanke shi," ta ce.

Washegari ta sayo fenti mai sheƙi. Yayar kuwa har yau da kular abincinta take zuwa gidan.