Jamusanci a Lambun Baba

Ina da shekara talatin da bakwai, da mata da 'ya'ya huɗu, aka kira ni ofis aka ce sunana na cikin waɗanda za a tura Jamus kwas na injinan ruwa. Zamanin ne da arzikin man fetur ya buɗe, ko'ina a Katsina sai haƙa da gini, kowane ma'aikaci da sabon babur. Daga ma'aikatar ruwa zuwa gidanmu a Ƙofar Durɓi, ban san yadda na tuƙo nawa ba don murna. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini, in iya Jamusanci kafin tafiya.

Akwai wani Bajamushe dogo mai jan gemu da ke haƙa mana rijiyoyin burtsatse a wajen Batagarawa. Na tare shi da ɗan Turancina na roƙe shi. Ya yarda, amma ya ce ya gaji da zaman ɗaki, sai dai mu riƙa haɗuwa a lambun mahaifina, inda yake zuwa sayen latas.

Can muka mai da makaranta. Bayan La'asar mu shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba, ya tsinko abu ya ɗaga. Albasa Zwiebel, kabeji Kohl, ruwa Wasser. Abin da ya ɗaure mini kai, wai kalmominsu jinsi uku gare su, ruwa ba namiji ba ne kuma ba mace ba. In na koma gida in yi ta kakarin "ich" da "ach" a tsakar gida, har uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ƙaya ce ta maƙale maka?"

Baba kuwa kallonmu kawai yake yi, a ganinsa shiririta ce. Wata rana yana ban ruwa da jigo, na haɗa jimlata ta farko ba kuskure. Malamin nawa ya miƙe yana ihu, "Ja! Ja!", wato "e" a harshensu. Baba ya saki igiya ya juyo.

"Kai, hwaɗa mashi tun ba a haife shi ba nike ja."

Da na yi musu bayani, su biyun suka yi dariya har da hawaye. Daga ranar suka shaƙu.

Lokacin dashen albasa mahaifiyar Bajamushen ta zo ganinsa, wata tsohuwa gajera, manomiya, ko kalmar Turanci ɗaya ba ta ji. Yana kawo ta lambu aka aiko cewa inji ya tsaya, ya bar mini ita ya tafi.

Ta durƙusa ta damƙo ƙasa ta shinshina, ta ce, "Gute Erde." Ƙasa mai kyau. Na gane nan take, ba sai da na juya ta a kaina ba! Sai ta nuna fangalin da Baba ke dasawa ta zubo magana.

"Mi ta ce?" in ji Baba.

"Wai kun matse su da yawa, Baba."

"Ce mata nan rana gare mu. In sun matsu suna yi ma juna inuwa."

Ban san kalmar inuwa ba. Na ruga gindin gwaiba ina nuna ƙasa, ina nuna sama. Ta tafa hannu ta ce, "Schatten!" Ai sai gardama ta kankama, ni a tsakiya, in kai in kawo, ina tuntuɓe da kalmomi ina tashi. Suka gangara kan taki, kan tsutsar kabeji, har kan ciwon gwiwa da ke damun su duka. Can ta tuɓe takalmi ta shiga fangali. Baba ya bar mata ɗaya ta dasa irin nata dashen, a ga wanda zai fi.

Gab da Magariba ɗanta ya dawo ya tarar da ita da taɓo har idon sawu, tana gatsar karas. Ta gaya masa wani abu da sauri, ban kama ba. Ya ce, "Ta ce nahawunka a karye yake, amma bakinka ba ya tsoro."

Da aka cire albasa, nata fangalin ya yi manya, na Baba ya fi yawa, kowane ɓangare ya ce shi ya ci. Ita ta riga ta koma, sai ni na ɗauki labarin. Farkon damina na hau jirgin sama, kuma hutuna na farko na shiga jirgin ƙasa zuwa ƙauyensu, na zauna a kicin ɗinta na zayyana mata shi tas da bakina.