Aska Takwas a Rigar Farfesa

Farfesa Ɗahiru Yari yakan ce da ya iya riƙe allura, da bai zama farfesa ba. Gidansu a Ƙofar Kuyambana gidan ɗinkin manyan riguna ne. Shi kuwa da ya ɗauki allura sai ya soke yatsa, har mahaifinsa ya gaji ya tura shi boko don ya huta da ɓarnar zare.

A 1989 ya zama shugaban tsangaya a jami'a. Malamai tamanin a ƙarƙashinsa, taro daga safe har la'asar, sa hannu kuwa har yatsun su ƙage. Ya yi suna wajen tsanani. Shi ne ya rubuta takardar gargaɗi cewa duk malamin da ya sauya wani abu a rigar bikin yaye ɗalibai, ko da maɓalli ne, zai amsa tuhuma. Ya ji daɗin takardar nan ƙwarai.

Tasa rigar kuwa, tsautsayi ya sa ya mance ta a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hajara, wata biyu cur. Da safiyar ranar biki ya zo ɗauka, ya warware ta, sai ga aikin aska takwas da farin zare, shimfiɗe daga wuya har ciki.

"Inna, mene ne wannan?"

"Aiki mana. Bahago na ba, abokin babanku. Haba Auta, ɗan gidan nan ya tsaya gaban jama'a da riga fayau kamar labule?"

Akwai rigunan aro a ofis, minti biyar ya isa ya sauya. Amma ga tsohuwa ta riga ta yafa mayafi. Ba ta taɓa taka jami'a ba, yau ce rana ta farko, idonta kuma ya fara rauni.

Haka ya sa rigar. Ya shiga gaban jerin malamansa, yana jin idanu tamanin sau biyu a ƙeyarsa. Dokta Haruna, wanda ya taɓa tuhuma saboda hula, ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan a wane sakin layi na takardar take?" Farfesa ya yi kamar kurma. Sunayen ɗalibai ma da ƙyar ya karanta saboda kunya.

Da aka tashi ya sami Inna a gindin darbejiya, ya durƙusa.

"Kin ga komai, Inna?"

"Ina fa! Duk kun zama abu ɗaya, baƙi ƙirin. Farin nan kawai nake bi da ido. In ya tashi, in ce ga Auta."

Washegari ya janye takardar gargaɗin. Ya yi shekara shida a kujerar, bai sake tuhumar kowa a kan tufafi ba.