Ni da Bindigar Ƙusa a Ruwan Aziziyya

A shekarar nan da aka rushe gidajenmu na kan dutse muka dawo unguwar Mansur a Makka da zama, cikin watan Rajab, na yi wata tafiya zuwa Mina wadda har yau ake yayata ta a unguwa. Wasu suna cewa an kama ni da bindiga, wasu suna cewa na yi wa askari, wato ɗan sanda, gardama. Duka biyun sun faru, amma ba yadda ake faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, domin 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci da duk wanda labarin ya iso masa a karkace.

Mun tashi da asuba, mu uku: ni, da abokin aikina wani Basakkwace da muka shekara tara tare, da direbanmu, Bahaushe haifaffen Makka wanda rabin maganarsa Larabci ne. Aikin da aka kira mu shi ne kafa ƙarafan da ake ɗaura allunan bango a cikin tantunan alhazai. Ƙasan tantunan siminti ne, guduma ba ta yi masa komai, sai bindigar ƙusa. Ga wanda bai san ta ba, kamarta ɗaya da ƙaramar bindigar hannu. Tana da kunama, tana cin harsashi mai albarushi, sai dai ƙusa take harbawa, kuma ba ta tashi sai an danna bakinta a jikin siminti. Larabawa suna ce mata musaddas, sunan da suke kiran bindigar 'yan sanda da shi. Tawa ce, ba ta mai kwangila ba. Saboda ita ake kirana aiki, ni da na haura hamsin, ga matasa cike da gari. Ranar da ta lalace, na koma ɗaukar kaya a ka.

Ba ta da maƙiyi irin ruwa. Da na leƙa na ga hadari ya haɗu ta gabas, sai na yi mata shiri. Na shafe ta da man keken ɗinki, na zura ta cikin tsohuwar safa, na naɗe da leda biyu, bakin kowace yana kallon ƙasa, na ɗaure da roba. Na sa mata igiya na rataya a wuya, ta kwanta a hammatata ƙarƙashin riga. Harsasai kuwa na zuba rabi a robar man shafawa mai murfi, sauran suka zauna a kwalinsu cikin jaka domin robar ta cika. Mai ɗakina ta ce in dakata a ga abin da sama za ta yi. Na ce mata mai kwangila ba ya jiran sama.

Mun tsaya a bakin titi wajen mai tamis, gurasar nan mai faɗi da ake gasawa a jikin tanda. Guda ɗaya riyal biyu, kwanon wake riyal biyar, shayi riyal ɗaya. Basakkwace ya ɗaga tasa ya duba, ya ce, "Wagga gurasa kullum ramewa takai, kuɗinta na ƙiba." Muka ci a tsaye, muka hau titin zobe da ya kewaye gari. Hanya shimfiɗe take kamar tabarma, babu rami ko ɗaya, sai manyan motocin alhazai jere a fili babu kowa a ciki. Muka shiga hanyar da aka fasa ta cikin dutse gari a bushe. Muna fitowa ta ɗaya bakin, a Aziziyya, ruwa ya tarye mu.

Aziziyya in ba lokacin hajji ba kamar kasuwa ce bayan an watse. Dogayen masaukai a rufe, masu sayar da carbi da sallaya suna hamma a ƙofar shago. Ranar kuwa kowa ya fito. Wasu sun ɗaga hannu suna addu'a, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Amma ruwan Makka ba ya nutsewa a ƙasa. Duk abin da ya sauka a kan duwatsu, titi yake nema. Kafin a jima ya kai rabin taya, yana tafe da kwalaye da kwandunan shara. Motarmu ta yi tari sau biyu ta mutu.

Direba ya buga sitiyari ya ce, "Halas, Baba, yau babu shugul. Mu jira a ja mu, mu koma bet." Wato babu aiki, mu koma gida. Basakkwace ya goyi bayansa. Na ce musu ga Mina can a bayan dutse, tafiyar da alhazai tsofaffi suke yi a ƙafa, ni ba zan koma ba. Direba ya zauna da motarsa. Basakkwace ya biyo ni yana mita.

Ruwa ya kai mana ƙwauri, a wani kwari ya kai gwiwa. Nan takalmina na hagu ya tafi, ina kallonsa, ban bi shi ba. Na matse hannu a kan hammata, na sunkuya ina ba ruwan baya. A haka muka isa gadar da hanya take karyawa zuwa Mina. Motar 'yan sanda ta gitta a ƙarƙashinta, askari biyu suna mayar da mutane, ɗaya matashi, ɗaya mai furfura. Matashin ya ga mutum da takalmi ɗaya yana rungume da wani abu a cikin riga. Ya yafito ni, ya tambaye ni da Larabci abin da nake ɓoyewa.

Cikakken sunanta musaddas masamir, wato bindigar ƙusa. Larabci da Hausa duk bakinsu ɗaya, bindiga ce take fara fitowa kafin ƙusa. Ga sanyi, haƙorana suna haɗuwa. Na ce, "Musaddas," sai atishawa ta sarƙe ni. Kafin in kawo ƙusar, ya yi tsalle baya, hannunsa a ƙugu, yana daka mini tsawa in ajiye ta a ƙasa.

Na dubi ƙasan. Babu ƙasa, ruwa ne mai laka yana gudu a kan idon sawuna.

Na ɗaga hannuwana biyu sama. Na ce masa ta ƙusa ce, ta aiki, ya zo ya cire ta da hannunsa, amma a ruwa ba zan ajiye ta ba. Ya maimaita, na maimaita. Basakkwace yana bayana yana cewa, "Aje ta, ɗan'uwa! Mi kaka nema, su halbe ka?" Tsoro na ji shi, ba zan ɓoye ba. Sai idona ya sauka a ƙugun matashin. Tasa bindigar ledar burodi ya rufa mata, ya ɗaure da roba.

Na ce, "Ɗana, kai ma ka rufe taka. Kai in ta jiƙe a ba ka wata. Ni wa zai ba ni?"

Mai furfurar bai yi dariya ba, amma ya tako. Ya lalube ni, ya zare igiyar ta kaina, ya sa ni a bayan mota. A kan kujera ya warware: leda, leda, safa. Ya juya ta, ya shinshina man, ya nemi iƙamata, wato takardar zaman ƙasa, na ba shi. Ya nemi takardar saye. Tana cikin jaka, ta jiƙe, rubutun Larabcin ya dame, sai lambar ƙasa da aka buga da boko. Na karɓi bindigar na karanto masa haruffa da lambobin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya, yana bin takardar da yatsa. Suka yi daidai.

Duk da haka ba su sake mu ba sai da mai kwangila ya zo da takardar izinin aiki, gab da la'asar. Sun ba mu shayi da dabino, matashin bai ko kalle ni ba. Da za a miƙo mini bindigar, mai furfurar ya naɗe ta da kansa, ya sa bakin leda yana kallon sama. Na kwance na gyara a gabansa. Ya girgiza kai ya ce, "Tafi, ya Hajji, tafi."

Mai kwangila ya wanke ni tas a bakin titi, ya ce kada ya ga ƙafata sai bayan mako biyu. Mina daga nesa na hango ta, tantuna farare ƙal ruwa ya wanke su. Mai tasi ya karɓi riyal arba'in a hanyar da aka saba biyan sha biyar. Da muka sauka a Mansur, Basakkwace ya juyo gare ni. Ya ce shi mai iyali ne, ba zai ƙara tafiya da ni ba.

Na shiga gida kafin magariba. Na wargaza bindigar a kan tabarma, na leƙa bututun, babu ɗigo ko ɗaya. Na dai goge ta na sake shafa mai, domin leda tana sa ƙarfe gumi. Washegari na danna ta a dokin ƙofa, ƙusa ta shige har kai.

Tafiyar ta koya mini in riƙa fara ambaton ƙusa, kuma in nemi babbar robar zuba harsashi. Ajiyewa a ruwa kam, ko gobe aka ce in yi, ba zan yi ba. Abin da na rasa: takalmi ɗaya, harsasai sittin da suka jiƙe a kwali, aikin mako biyu, da abokin shekara tara.