Malama Lauratu da Maigidan da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Kafin masu zuwa kasuwa su gama ɗora wa jakunansu mangala, Malama Lauratu ta riga ta fito da kekenta daga ɗakin da take haya kusa da asibitin sha-ka-tafi na Gaya. Akwatin magani a baya, ƙaramin daro da tawul a kansa, goran ruwa yana lilo a gaba. Inda yashi ya yi zurfi sai ta sauka ta tura, tana rera waƙarta ta addini a hankali. Ranar kasuwar Ajingi tana Ajingi, wata rana tana Toranke, kuma duk inda ta je za ta tarar da masu ciwon kuturta suna jiranta a gindin tsamiya, can gefen gari inda aka yarje musu su zauna. Takan ba kowa ƙwayarsa ta tsaya sai ya haɗiye, sannan ta durƙusa ta wanke ƙafafu, ta kankare kaushi, ta sa wa gyambo magani ta ɗaure. Haka take yi tun 1963, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma ƙauyensu, don gwiwoyi sun daina ba ta haɗin kai.

Ni malamin firamare ne a Toranke, kuma na daɗe ina jin haushin yadda muke ɓoye yabo sai mutum ya mutu sannan mu kwance bakin buhu. Lauratu tana da rai, kunnenta garau yake, saboda haka zan faɗi nawa yanzu.

Kirista ce, daga wani ƙauye a kudancin Kano, kuma kowa ya san haka tun zuwanta. Abin da ba a sani ba shi ne wane ne maigidanta. Maganarta ba ta rabuwa da shi. In an ce mata sannu da ƙoƙari, sai ta ce aikin Maigidanta take yi. In an tambaye ta ko ba ta ƙyanƙyami, sai ta ce Maigidanta ne ya koya mata. To ka san matanmu, in mace ta ce maigidana ai magana ta ƙare, miji take nufi, kuma ba wadda za ta tambaye ta sunansa. Sai aka buɗe shari'arsa a tsakar gidaje ba tare da ya sani ba. Wasu suka ce malalaci ne, ya kwanta a Gaya ya bar mace a kan keke tana yawon ƙauyuka. Wasu suka ce a'a, mutumin kirki ne mai tausayi, irinsa ba su da yawa. Mai ɗakina Bilki ita ce shugabar masu kare shi, har takan yi mini gori da shi in na ƙi ɗebo mata ruwa. Ita ce ta fara ƙulla ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa tana ba Lauratu ta kai wa bawan Allah, sauran mata suka bi sahu.

Asiri ya tonu ranar da wata maƙwabciyarmu ta ga ƙullin Bilki, da ƙyallen da ta sani sarai, a hannun wani tsoho kuturu a gindin tsamiya. Da Lauratu ta shigo gidanmu gaisuwa, ina zaure ina jin su. Bilki ba ta iya ɓoye fushi ba.

"Malama, tsakani da Allah, tsarabar da muke ba ki ki kai wa maigidanki, ashe a gindin tsamiya take ƙarewa?"

Lauratu ta yi dariya har da tari, sannan ta ba da haƙuri. Ta ce mijinta ya rasu tun kafin a turo ta Gaya. Ta ce ta lura da kuskuren tuntuni, amma ba wadda ta tambaye ta, ita kuma ba ta son ta zama mai cusa wa mutane wa'azi a cikin gidajensu.

"Wanda nake nufi Yesu Almasihu ne, Mai Cetona. Tun ranar da na ba shi raina, shi ne mai gidan, ni 'yar aike ce kawai. Shi ya ce abin da aka yi wa mayunwaci ko mara lafiya, shi aka yi wa. Kin ga saƙonki bai ɓata ba, Bilki, ya isa hannunsa."

Bilki ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, galibi don ta rasa wanda za ta riƙa yi mini gori da shi. Daga baya ta ci gaba da ƙulla ƙulin, sai dai yanzu takan ce a kai wa mutanen tsamiya.

Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa. Muna girmama Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, amma abin da Lauratu ta yi imani da shi game da shi daban yake da namu. Mun sha tattaunawa a zaurena, ban janye ta ba, ba ta janye ni ba, muka ci gaba da mutunta juna. Abin da na gani da idona shi ne yadda take daraja shi. Ba ta rantsuwa da sunansa, ko a ciniki, ko an ƙure ta. In za ta ambace shi sai muryarta ta sauka. Ranar Lahadi ita da wasu malamai biyu da wani ma'aikacin gona sukan taru a ɗaki guda a Gaya su yi sujada, don ba su da majami'a. Na taɓa tambayarta me ya sa sai ta durƙusa, alhali tana iya zama a kujera a ɗago mata ƙafa. Ta ce Mai Cetonta ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma miƙa hannu ya taɓa kuturu, to ita wace ce da za ta nemi kujera.

Maganar Hansai ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hansai mai ƙuli ce a Toranke, mijinta Kabo ya rasu ya bar ta da yara uku, da farantin ƙuli take ciyar da su. Wajen 1971 wani tabo mai haske ya fito mata a damtse, wurin ba ya jin zafi ko an tsunkule shi. Ta nuna wa Lauratu a ɓoye, aka gano kuturta ce, aka fara ba ta ƙwaya da wuri. Amma gari ƙarami ne. Kafin a ce me, zance ya kai Ajingi, farantinta ya koma yana dawowa gida yadda ya fita. Abin da ya fi wannan muni, Malam Barau, yayan mijinta, ya yanke shawarar a yi mata bukka a bayan gari, yaran su koma gidansa. Ba mugu ba ne Barau, tsoro yake ji wa 'ya'yan ƙaninsa, kuma haka ya ga ana yi tun yana yaro. Ya ce da zarar an gama girbi za a kafa bukkar.

Lauratu ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani cewa Hansai ta daɗe tana shan magani, ba abin da zai sami yaran. Barau ya saurare ta da kyau, sannan ya ce faɗa a baki ba wuya, amma ai ita ma ba za ta ci abin da ya fito daga hannun nan ba. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce Allah ya kai mu kasuwa.

Ina kasuwar Ajingi ranar, na je sayen fitila. Hansai tana zaune ita kaɗai, sauran masu talla sun ja tabarminsu nesa da ita. Sai ga Lauratu ta jingine keke, ta zauna daf da ita a ƙasa, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Hansai, yunwa nake ji. Gutsuro mini da hannunki."

Hansai ta girgiza kai tana hawaye, ta ce a bari ta sa cokali. Lauratu ta ƙi. A ƙarshe Hansai ta gutsura da yatsunta ta ba ta, Lauratu ta ci, ta ƙara, sannan ta ɗauki ludayin da Hansai ta sha fura da shi ta sha. Mutanen layin suka bar ciniki suka zuba musu ido.

Ba a ranar mutane suka yarda ba. Sati na zagayowa ta dawo ta sake, ta kuma sakewa, har mutane suka gaji da jiran ganin tabo a jikinta. Ari, wani Babarbare mai sayar da kanwa, shi ya fara matsowa ya saya ya ci a tsaye, yana cewa shi dai ya gaji da cin ƙulin wasu da ba gishiri. Aka gama girbi, aka tara karan yin bukkar a ƙofar Barau, karan ya yi ta zama. Wata safiya ya kira Hansai ya ce ta kwashe ta gyara dangar gidanta, ya ga ta zube ta gabas.

Yau Hansai tana cikin ɗakinta, yatsunta goma cif, likita ya sallame ta daga magani. Da na ce mata zan yi wannan rubutu, ta ce in rubuta cewa yaranta ba su taɓa kwana babu ita ba.

Malama Lauratu, ke ce kika durƙusa a inda mu muka toshe hanci muka wuce. Ke ce kika nuna mana cewa ƙaunar da kike wa Mai Cetonki ba a baki ta tsaya ba, ta sauko har tafin hannu. Uwar mutanen tsamiya, ina jin ciwon tafiyarki, kuma ba na kunyar faɗa. Na gode, Bilki ta gode, Toranke da Ajingi da Gaya sun gode. Allah ya huta gajiyarki, ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya kai ki gida lafiya.

Ku kuma masu karatu, Musulmi da Kirista, kowa ya ce yana ƙaunar wanda yake bi, to a gani a aikace. Na tabbata a kasuwarku ma akwai wata mai faranti da aka ja tabarmi aka bar ta ita kaɗai. In kasuwa ta ci, ku je ku zauna kusa da ita, ku saya, ku ci a gabanta mutane suna gani.